Wace Manhaja Za Ka Ba Amanar Ayyukanka da Bayananka?

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kusan kilomita hamsin ce, kuma mutane da yawa rabin sana'arsu na wannan gari, rabi na wancan. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rancen noma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, aka kuma buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, ga ta Labana a babban birnin jiha, harkar shinkafa ta ƙara rassa. Dillalin shanshera da a da yake hulɗa da manoma ƙalilan yanzu yana riƙe da sunayen masu kaya, da yawan buhuna, da wanda ya karɓi kafin alƙalami, da direban da zai zo ɗauka, da ranar da kamfani ya ce za a biya. Ma'aikacin sakatariya, da malamar makaranta, da ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, kowa na da nasa kayan da kai ba ya iya ɗauka shi kaɗai. Kusan dukkansu kuwa akwai babbar waya a aljihunsu, kuma a rumbun manhajoji na Play Store akwai ɗaruruwan manhajojin jera ayyuka da ajiye bayani, kowace na cewa ita ce ta fi. Ra'ayina shi ne yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan wannan zaɓe sun fara daga inda bai dace ba. Suna ƙirga abubuwan da manhaja za ta iya yi, alhali tambayar da ta fi damun mutumin fadamar Rima ita ce: ranar da babu sabis, ko waya ta mutu, ko kamfanin da ya ƙera manhajar ya sauya shawara, shin rubutuna zai dawo hannuna?

Kafin a kai ga haka, akwai masu ganin duk maganar ba ta taso ba. A cewarsu, ƙasa ce ta mahaddata, inda yaro ke riƙe izifi sittin a ka, kuma tsohon ɗan kasuwa zai faɗa maka bashin da yake bi tun damina biyu da suka wuce ba tare da ya duba komai ba. Wannan gaskiya ne, amma hadda da riƙon ayyuka abubuwa ne daban. Abin da ake haddacewa ba ya sauyawa, ana maimaita shi kullum har ya zauna. Aikin yau kuwa sauyawa yake: wanda ya ce zai kawo buhu talatin ranar Talata ya bugo waya ya ce ashirin ne, kuma sai Alhamis. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan. A 1927 Bluma Zeigarnik ta wallafa bincikenta a Berlin, inda ta nuna cewa aikin da ba a kammala ba yana ci gaba da yi wa mutum yawo a rai. A 2011 E. J. Masicampo da Roy Baumeister a Amurka suka nuna cewa da zarar mutum ya tsara takamaiman yadda zai yi aikin, wannan kai-komo na raguwa ko da bai riga ya yi shi ba. Amfanin rubutawa ke nan: zuciya ta samu sarari. Kuma al'adar da ta ba mu hadda ita ce ta ba mu alƙalami. Gwandu, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubuce-rubucensa, tana nan kusa da Birnin Kebbi, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu.

To, in rubutu ne, me ya hana littafi da biro? Ban ga laifin littafi ba, kuma a wasu wurare har yanzu ya fi waya: ba ya neman caji, rana ba ta hana ganin abin da ke cikinsa, ɓarawo bai damu da shi ba. Rauninsa biyu ne. Na farko, ba ya kiranka. Sai ka tuna ka buɗe shi kafin ya tuna maka. Na biyu, kwafi ɗaya ne tak a duniya. Wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi ya kuma shiga gidaje, ya san abin da ruwa ke yi wa takarda. Sai dai wajibi ne a lura cewa wayar da ke ajiye rubutu a cikinta kaɗai ita ma kwafi ɗaya ce, kuma ta fi littafi saurin lalacewa. Saboda haka manhajar da ba ta yin kwafi a wani wuri ba ta magance raunin takarda na biyu ba, ta ma ƙara masa da matsalar batiri.

Sharaɗi na farko dai shi ne manhaja ta yi aiki ba tare da intanet ba. A cikin gari sabis ba ya wuya sosai, amma mai aiki a fadama, ko a kan hanyar Kamba, ko a ƙauyukan bakin gulbi, ya san yadda sandunan sabis ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma tsadar data, musamman bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a farkon 2025 da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Manhajar da za ta tsaya tana juyi lokacin da kake tsaye gaban ma'auni kana son rubuta nauyin kaya ba ta da amfani, komai kyanta. Google Keep, wadda ta fito a 2013, tana karɓar rubutu ba sabis, sannan ta tura kwafi idan sabis ya dawo. Microsoft To Do da Todoist ma haka suke. Notion, wadda ɗalibai da ma'aikatan ofis ke yawan yabawa, an gina ta ne da tunanin mai intanet koyaushe, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta samar da hanyar aiki ba sabis. Ga nauyi a kan ƙaramar waya. Wannan nauyin ba ƙaramin abu ba ne, domin wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a su ne Tecno da Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, kuma masu sauƙin kuɗi a cikinsu ma'ajiyarsu ba ta da faɗi, hotuna da bidiyon WhatsApp sun riga sun cinye rabinta. Gwajin kuwa mai sauƙi ne, ba ya buƙatar gwani: a kashe data, a buɗe manhajar, a rubuta layi uku, a rufe ta gaba ɗaya, a sake buɗewa. In rubutun na nan kuma ta buɗe da sauri, ta ci jarrabawar farko.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda aka fi sakaci da shi, kuma a nan ne asarar gaske take faruwa. Kowace manhajar da ke yin kwafi tana yin sa ne a ƙarƙashin wani asusu, galibi adireshin Gmail. Mutane da yawa ba su ne suka buɗe asusun da ke kan wayarsu ba. An sayi waya a shago, yaron shago ya karɓa ya ce bari ya saita, ya ƙirƙiri adireshi, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a rai, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa a matsayin lambar dawo da asusu, ya miƙo waya tana aiki. Shekara biyu mai ita na zuba bayanai, Keep na tura kwafi yadda ya kamata. Sai ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko aka zare ta a tasha, ko mai gyara ya ce sai an yi mata filashin. An sayi sabuwa, ta nemi adireshi da kalmar sirri, mai waya bai taɓa sanin ko ɗaya ba. Rubutunsa na nan lafiya lau a na'urorin Google, amma kamar hatsi ne a rumbun da makullinsa ke hannun wanda ya bar gari. Don haka zaɓen manhaja na farawa ne da mallakar asusu: ka san adireshinka, ka sauya kalmar sirri zuwa wadda kai kaɗai ka sani, ka tabbatar lambar da aka ɗaura a kai taka ce kuma an yi mata rajista da lambarka ta ɗan ƙasa, ka rubuta waɗannan a takarda ka adana inda kake adana takardun gida ko na gona. A tuna kuma cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya sake sayar da shi ga wani, kuma tun Disamban 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Manhajar rubutu da ke zuwa tare da waya ma tana buƙatar wannan bincike, domin sau da yawa a cikin wayar kaɗai take ajiya sai in mutum ya shiga wani asusu da kansa.

Na uku, a duba ƙofar fita kafin a shiga. Tarihin waɗannan manhajoji gajere ne amma ya isa darasi. Wunderlist, wadda aka ƙera a Jamus, ta kasance cikin mafi farin jini a duniya; Microsoft ya saye ta a 2015, ya rufe ta a watan Mayun 2020, ya ce masu amfani da ita su koma To Do. Evernote ta shekara fiye da goma tana zaman jagora a fagen ajiye bayani. Kamfanin Bending Spoons na Italiya ya karɓe ta a farkon 2023, kafin ƙarshen shekarar kuma aka taƙaita wa masu amfani da ita kyauta zuwa bayanai hamsin da kundi ɗaya. Shi kansa Google ya sha rufe ayyukan da mutane suka saba da su, irin su Reader a 2013 da Inbox a 2019. Ba zalunci ba ne kamfani ya nemi riba, amma ga wanda ke samun kuɗinsa da naira, biyan kuɗin wata-wata da aka ƙayyade da dala nauyi ne da ke ƙaruwa duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda aka gani tun daga 2023. Shi ya sa ya kamata a tambaya: in na so tashi, zan iya kwashe kayana? Keep na ba da damar sauke komai ta hanyar Google Takeout. Obsidian ta ɗauki wata hanya dabam, tana ajiye kowane bayani a matsayin fayil na zallar rubutu a cikin wayarka, wanda kowace manhaja za ta iya buɗewa ko bayan shekara ashirin. Joplin, wadda masu sa-kai ke ginawa a buɗe, tana barin mutum ya zaɓi inda kwafinsa zai zauna, tana kuma iya kulle shi yadda ko mai ma'ajiyar ba zai karanta ba. Ga malamin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke tara bayanan bincike na shekaru, waɗannan biyun sun fi dacewa. Amma 'yancin na da farashi: a Obsidian, in ba ka biya kuɗin haɗa na'urori ba, kai ne da alhakin yin kwafi, kuma wanda ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba gara ya zauna inda ake yi masa.

Daga nan sai batun harshe, wanda masu ƙera manhaja a Turai da Amurka ba su cika tunawa da shi ba. Todoist ta shahara da fahimtar rana daga cikin jimla: ka rubuta aiki da lokacinsa da Turanci, ita ta saita tunatarwa. Wannan ƙwarewa ba ta kai ga Hausa ba. In ka rubuta jibi bayan La'asar, rubutu kawai ta gani. Ke nan babban abin da ake tallata ta da shi bai shafi mai rubutu da Hausa ba, kuma ba dalilin biyan kuɗi saboda shi. Mu kuma da salla muke auna yini, lokutan salla kuwa na motsawa da kaka da bazara, don haka tunatarwar da ta fi amfani ita ce wadda mutum ya saita da hannunsa, ya bar tazara, maimakon wadda za ta yi ƙara yana cikin sahu. Akwai kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa. Allon rubutu na Gboard na da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, amma a wurin na'ura ɗ da d haruffa biyu ne mabambanta. Wanda ya rubuta sunan Ɗanjuma da lanƙwasa yau, gobe ya neme shi ba lanƙwasa, yana iya ganin babu komai ya ɗauka bayanin ya ɓace. Maganin shi ne a tsaya kan salo ɗaya, musamman a sunaye. Ga wanda ajami ya fi masa sauƙi, allon Larabci na aiki a duk waɗannan manhajoji, kuma in bai wadatar ba, ya rubuta a takarda ya ɗauki hoto ya ajiye a Keep da ɗan take a sama. Ga wanda rubutu ke yi wa wuya gaba ɗaya, murya ce hanya, kuma manhajar da ba ta ɗaukar murya da hoto cikin taɓawa ɗaya ko biyu ta rufe ƙofa ga jama'a masu yawa.

Murya ce ta kawo mu ga hujja mafi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa: WhatsApp ya wadatar. Kowa ya iya shi, yana kan kowace waya, kuma tun ƙarshen 2022 ya ba da damar mutum ya aika wa kansa saƙo. Dillali na iya danna maɓalli ya faɗi buhu nawa ya karɓa daga wa, ya ɗauki hoton takardar awo, ya tura wa kansa, duk cikin daƙiƙu. Ban raina wannan ba, kuma wajen saurin kama abu kafin ya tsere babu manhajar da ta fi shi, saboda hannu ya riga ya saba. Amma kama abu daban, samo shi daban. Saƙonni na jeruwa ne bisa lokacin da aka tura su, na jiya ya danne na shekaranjiya, babu inda za a yi alamar an gama, ba a kuma iya binciko abin da aka faɗa da Hausa a cikin murya sai an saurara ɗaya bayan ɗaya. Kwafinsa ma ya dogara ne ga ko an kunna ajiya a Google Drive, wato mun koma kan batun asusun nan. Abu mafi muni shi ne wurin da yake: ka buɗe don duba aikin da ke gabanka, sai ga saƙonni daga zauren dangi, da na 'yan ajinku, da na siyasa, rabin sa'a ta tafi. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar WhatsApp a matsayin wurin jefa abu da rana, da dare bayan Isha a kwashe abin da ke da muhimmanci zuwa inda za a iya tsara shi.

Akwai kuma rarrabewa da ya kamata a yi, domin abu uku ake cakuɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Bayani shi ne abin da kake son samu in ka nema: lambar asusun mai kaya, sunan maganin feshi, abin da aka tattauna a taro. Aiki shi ne abin da kake son ya neme ka a ranarsa. Manomin rani da ya zuba irin FARO 44 ya san dashe na zuwa bayan kimanin mako uku, ga zubin taki kashi-kashi, ga ban-ruwa, ga sauya man injin. Irin wannan na buƙatar tunatarwa mai maimaita kanta, kuma a nan To Do da Google Tasks sun fi Keep tsari. To Do na da shafin ayyukan yini wanda ke wayewa fanko kowace safiya, ya tilasta wa mutum ya zaɓi abin da zai iya yi yau maimakon ya kalli dogon jerin da ke karya gwiwa. Kwamitin da ke shirya babban taro, ko na unguwa ne ko irin bikin kamun kifi na Argungu da ya samo asali tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, zai amfana da jeri guda da kowa ke gani a wayarsa, a ga wa ya ɗauki me, abin da Keep da To Do duk suna yi kyauta. Abu na uku shi ne bashi, kuma a nan nake ganin ya kamata a yi hattara ƙwarai. Bayanin da ke wayarka kai kaɗai ka rubuta, kai kaɗai za ka iya sauya shi ba wanda ya gani, don haka tunatarwa ce gare ka, ba hujja ba ce a kan wani. Bashi na buƙatar abin da ɓangarorin biyu suka gani: takarda mai sa hannu da shaidu, sannan a ɗauki hotonta a ajiye a manhaja.

Saura batun sirri. Keep ba ta da makulli na kanta a kan kowane bayani. Wanda ya buɗe wayarka ya buɗe ta. A inda ake barin waya a shagon caji sa'o'i, ake miƙa wa yara su yi wasa, ake ba mai gyara tare da lambar buɗewa, wannan ba abin wasa ba ne. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba za ta hana wanda ke riƙe da wayarka karanta abin da ke ciki ba. Lambar sirrin katin banki, da ta OPay ko Moniepoint, da lambar BVN, ba su da wuri a manhajar rubutu ko wace iri ce. Wanda aikinsa ya ƙunshi sirrin wasu, kamar ma'aikacin lafiya ko lauya, ya nemi manhaja mai kullewa irin Joplin ko Samsung Notes, ya kuma rage abin da yake rubutawa da cikakken suna.

In aka auna duk wannan, ga mafi yawan mutanen Birnin Kebbi da Argungu masu wayar Android, hukuncina shi ne Keep ta isa wajen bayani, murya da hoto, a haɗa ta da Tasks ko To Do in ayyukan masu rana ne, bisa sharaɗin asusun na hannun mai shi. Na san wannan na nufin ƙara dogara ga manyan kamfanonin waje, kuma damuwa ce ta gaske. Abin da ke rage ta shi ne a riƙa sauke kwafi lokaci-lokaci, ko sau ɗaya bayan kowane girbi. Mai dogon rubutu ya duba Obsidian ko Joplin. Wanda ke da ayyuka biyar a mako kuma littafinsa bai taɓa ba shi kunya ba, ya riƙe littafinsa ya riƙa ɗaukar hoton shafukan. Kafin a zuba wa kowace manhaja bayanan shekara guda, a gwada ta mako biyu da ƙananan abubuwa, sannan a ari wayar ɗan'uwa, a shiga asusun daga can, a ga ko rubutun ya bayyana, a kuma tabbatar an fita daga asusun kafin a mayar masa da wayarsa.